Ido Ba Mudu Ba Ne: Ƙwarzane Da Fentin Mota A Tudun Wadar Zariya

Duk wanda ya taɓa fitowa da mota ta Ƙofar Doka ya ratsa cikin Tudun Wada da La'asar sakaliya, a sa'ad da ɗaliban Kongo ke tashi daga karatu, 'yan kasuwa ke hanzarin isa gida kafin kiran sallar Magariba, masu Keke Napep da 'yan acaɓa ke kutsawa ta kowace kafa kamar ruwan da ya sami gangare, mai kurar ruwa kuma ya tokare gefen titi da jarkokinsa, lalle ya san wata 'yar ƙara siririya wadda ba ta kai ƙarar karo ba, amma ta fi ta sukar zuciya, wato ƙarar ƙarfe yana jan layi a jikin ƙofar motarsa. Nan da nan sai jama'a su kewaye, yaron da ya yi ɓarnar ya rusuna yana cewa, "Baba, wallahi ban lura ba," wani dattijo daga bakin shago ya sa baki, "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa," mai mota kuwa ya haɗiye abin da ya taso masa ya ce ba komai, alhali kuwa da komai, domin daga ran nan duk lokacin da ya nufo motarsa, idonsa ba zai fara sauka a ko'ina ba sai a kan wannan farin zare.

Galibi abin da ke biyo baya shi ne wani aboki ya ba shi shawara ya sayi ɗan gwangwanin fentin nan da ake girgizawa a fesa, mai kama da launin motarsa, ya rufe tabon kafin uwargida ta gani. Shawarar tana da gaskiyarta, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma jahiltar sharuɗɗan nan ne ya cika titunan Zariya da motoci masu dabbare-dabbare, kamar babbar rigar da aka yi wa maho da ƙyallen wata riga. Ni kaina na taɓa shiga sahun masu mahon, shi ya sa nake ganin ina da ɗan haƙƙin magana a wannan mas'ala.

Tudun Wada tun asalinta unguwar baƙi ce da masu sana'a. Turawan mulki ne suka keɓe ta a wajen ganuwa domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin Zazzau ba, kamar yadda aka keɓe Sabon Gari a hayin Kubanni domin mutanen da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu, bayan da dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Daga baya Kamfanin Gaskiya ya kafu a maƙwabtanta a 1945, ga makarantar Kongo, ga babban asibitin da ya zauna nan kafin ya koma Shika, duk wuraren masu albashi ne, mai albashi kuwa shi ne mai burin mota. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, tafiyar kilomita kamar 80 kacal daga nan, sai Fijo 504 ta zama kamar 'yar gida, inda mota ta yawaita kuwa gareji kan tsiro da kansa ƙarƙashin kowace inuwar mangwaro ko dogon yaro, kowa da fanninsa: makanike na ƙarƙashin bonet, mai waya na bin fitilu, mai gyaran jiki na dukan lotsawa da guduma, mai fenti kuma yana can ƙarshen fili inda iska ba za ta kai wa sauran feshinsa ba.

To, kafin a yi maganar magani, wajibi ne a san jikin da ya ji ciwon. Abin da muke kira fenti, muna zaton abu guda ne, a haƙiƙa hawa-hawa ne. A masana'anta akan tsoma gangar jikin motar ɗungurungum cikin wani tafki na maganin tsatsa, a sa wutar lantarki ta manna shi a kowane lungu da saƙo. A bisansa a fesa shimfiɗa mai ruwan toka wadda masu fenti ke kira firama. A bisanta a fesa launin da ido ke gani. Sannan a lulluɓe duka da wani ruwa garai-garai marar launi, wanda ake kira kiliya, shi ne mai sheƙin nan, shi ne kuma garkuwar launi daga rana. Dukkan waɗannan hawa huɗu, in an tara su, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da 'yan kai ba, wato kamar gashin kai ɗaya ko biyu. Wannan ɗabi'a ta raba launi da sheƙi ta yaɗu ne daga shekarun 1980. Tsofaffin motoci da yawa, da wasu farare na yanzu, launinsu da sheƙinsu a haɗe suke, alamarsu kuwa ita ce in ka goge su da folish sai ka ga launin ya biyo tsumman.

Tun da jikin hawa-hawa ne, raunin ma daraja-daraja ne, kuma kowace daraja da hukuncinta. Gwajin ba ya bukatar kuɗi. A wanke wurin, a zuba masa ruwa: idan layin ya ɓace muddin yana jiƙe, sa'an nan ya dawo da ya bushe, to a kiliya ya tsaya, kuma wannan ba ya bukatar fenti ko ɗigo, sai dai a sassaɓe shi da samfefa mai laushin gaske, lamba 2000, a cikin ruwa da hannu marar nauyi, a bi da man gogewa har sheƙi ya dawo. Da yawa daga cikin tabon da ake sayen gwangwani dominsu daga wannan aji suke, wasu ma ba rauni ba ne sam, fentin keken da ya gogi motar ne ya manne a sama, tsumma da ɗan folish sun ishe shi. Idan kuwa ka ja farcenka a kai ya maƙale, ka kuma hango toka-toka a ƙasan ramin, an kai ga firama, launi ya wajaba. Idan ƙarfe ne ke ƙyalli, to al'amarin ya fita daga babin ado ya shiga babin lalura, domin damina ɗaya ta Zariya ta isa ta sa tsatsa ta kama, ta riƙa rarrafe ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye tana kumbura shi kamar borin jini. Bamba ta roba ba ta tsatsa, saboda haka mai ita yana iya jinkiri, amma fa roba ba ta riƙe fenti sai an fara fesa mata nata firama na musamman.

Abin mamaki, wannan sana'a ta feshi daga ɗakin likita ta fito. Wani likita a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, shi ya ƙera 'yar na'urar fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya a 1888, ɗansa Thomas kuma ya mayar da dabarar ta zama bindigar fenti a 1907. Kafin nan, da ma shekaru bayan nan, da burushi ake shafe mota, a jira makonni tana bushewa, har ma kamfanin Ford ya yi shekaru, daga 1914 zuwa 1925, ba ya fitar da shahararriyar motarsa sai da baƙin launi. Fenti mai saurin bushewa na kamfanin DuPont, mai suna Duco, wanda ya fara bayyana a jikin motar Oakland ta 1924, shi ya buɗe ƙofar launuka. Gwangwanin feshi kuwa auta ne: Edward Seymour ya fara ɗura fenti a cikinsa a jihar Ilinoyi a 1949, kuma launin farko da ya ɗura ruwan azurfa ne, wanda, kamar yadda za mu gani, shi ne ya fi kowane launi wahalar da masu gyara.

Mu Hausawa muna kiran launi da sunan abin da ya yi kama da shi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan zuma, ruwan makuba. Wannan ya wadatar a wurin marini da mai sayen atamfa, amma a wurin masana'antar mota fari kaɗai ya kasu kashi da dama, saboda haka kowane launi an yanka masa lamba. A Toyota akan sami lambar a 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR: 040 fari ne fat, 070 fari ne mai ƙyallin lu'ulu'u, 202 baƙi ne, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma a bakin ƙofar take ajiye tata, kamar NH-578 ga wani farinta, Volkswagen kuwa takan ɓoye tata a but, wajen tayar safiya. A Turai mutum kan kai wannan lamba shago a haɗa masa launin a ɗura masa cikin gwangwani. A nan kuwa gwangwanayen da suka fi yawa a kasuwa na gama-gari ne, ja kawai, baƙi kawai, waɗanda aka yi domin ƙofar gida da keke da kujerar ƙarfe, kuma launin murfinsu alkawari ne da ba kasafai abin da ke ciki ke cikawa ba. Araha dai ba ta ado.

Amma a ce ma an dace da lambar, an kuma sami gwangwanin da ya dace da ita, a nan ne fa mas'alar ta yi zurfi, domin lambar tana ba da labarin launin motar ne a ranar da ta fito daga masana'anta, launin da ke jikinta yau kuwa rana da ƙura da Omon masu wankin mota ne suka sake rina shi. Motar da ta yi shekara goma tana kwana a fili, tana shan zafin bazara da hazon hunturu, janta ya koɗe ya nufi ruwan hoda, farinta ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, rufinta da bonet ɗinta sun fi ƙofofinta dusashewa saboda su ke fuskantar sama. Ƙari a kan haka, mafi yawan motocinmu 'yan Kwatano ne ko 'yan Beljiyam, sun yi wata rayuwa a wata ƙasa, an yi wa wasunsu fenti tun can, an ƙara yi musu a nan kafin a kai su wurin dillali, har ya zama takardar bakin ƙofa tana shaidar wani launi da ya daɗe da binnewa.

Ruwan azurfa da 'yan uwansa masu ƙyalli suna da tasu fitinar daban. A cikinsu akwai ɓarɓashin alminiyam ƙanana ƙwarai, kuma yadda ɓarɓashin nan ya kwanta shi ke hukunta yadda haske zai dawo wa ido. In an fesa shi jiƙe-jiƙe daga kusa sai ya fito da duhu, in an fesa shi sama-sama daga nesa sai ya fito da haske, ta yadda gwangwani ɗaya a hannu ɗaya zai iya ba da launi biyu. Sa'an nan ga sha'anin hasken da aka duba da shi: launuka biyu kan yi daidai a ƙarƙashin fitilar shago, su saɓa da hantsi, abin da duk wadda ta taɓa sayen mayafi da dare domin ya shiga da atamfarta ta riga ta sani.

Saboda haka ne mai haɗa fenti ya zama malami a fanninsa. In an yarda mini da aron kalmomin zaure, lamba ita ce asali, idonsa kuma shi ne ƙiyasi. Ba ya karɓar siffantawa da baki. Cewa zai yi a kwanto masa murfin tankin mai, domin shi ne ɗan yankin jikin motar da ake iya sawa a aljihu. Sai ya zauna da gwangwanayensa na Autobase ko Autocryl, sunayen fentin Sikkens na ƙasar Holan da suka zama sunan kowane fenti irinsu a bakin masu sana'ar, ya zuba uwar launin, ya ɗiga baƙi da bakin tsinke, ya ɗiga rawaya, ya motsa, ya shafa a gefen murfin, ya fita da shi rana, ya karkata shi hagu da dama, ya jira ya sha iska domin ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba, ya koma ya ƙara ɗigo guda. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a wannan benci ba.

Wanda duk da haka ya ƙudura zai yi da hannunsa, kuma tabon ƙarami ne a ƙasan bamba ko gefen madubi inda ido ba ya yawan zuwa, ba zan hana shi ba, sai dai in roƙe shi ya fara gwada feshin a wani gutsuren kwano, ya bari ya bushe, ya kara shi da motar a fili. In ya gamsu, ya wanke wurin da sabulu ya kawar da duk wani maiƙo, domin ragowar folish kan sa sabon fenti ya tsattsage ya yi ramuka kamar idon kifi. Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ya lallashe gefen raunin da samfefa lamba 400 don kada a ji gaɓa, ya fesa firama, ya jira, ya bi da lamba 800 a cikin ruwa. Ya rufe kewaye da takarda, kuma a garin da aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ƙarshen tsohuwar jarida ke nan, rufe gilashin mota. Amma kada ya manna tef ɗin dab da tabon, ya naɗe bakin takardar baya yadda feshin zai dushe a hankali, in ba haka ba zai cire ta ya tarar da murabba'i mai kaifin gefe. Ya girgiza gwangwanin minti 2 cur bayan ya fara jin ƙarar ɗan dutsen da ke ciki, ya riƙe shi nesa da jikin motar kamar taƙi guda, ya soma tafiyar hannu kafin ya danna, ya saki kafin ya tsaya. Shafi uku marasa kauri, da jiran minti 10 tsakaninsu, kowane ya ɗan zarce na bayansa faɗi, sun fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai zubo kamar hawaye. Daga nan sai kiliya, sai kuma haƙuri: kwanaki kafin a goge, kamar wata guda kafin a shafa folish. Ɗan tabon da tsakuwa ta yi kuwa, wanda bai fi ƙwayar gero ba, feshi zalunci ne a kansa. A fesa kaɗan cikin murfi, a ɗiga da tsinken ashana.

Lokaci ma rukuni ne. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan sauka a ɗanyen fenti ta zauna har abada, shi ya sa za ka ga mai fenti yana yayyafa wa ƙasan garejinsa ruwa kafin ya ɗauki bindiga. Da tsakiyar damina, musamman a Agusta, laima kan shiga fenti mai saurin bushewa ta sa shi ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Da bazara kuwa ƙarfe kan yi zafin da feshin zai bushe tun bai gama kwanciya ba. A wannan tarko na faɗa: wata rana a watan Maris, bayan Azahar, na fito da gwangwanin ruwan azurfa na fesa wa ƙofar motata a tsakiyar rana, kuma da yake tabon bai rufu a shafin farko ba sai na ƙara, na kuma ƙarawa, har na wayi gari da wani faci mai faɗin faifai, mai kaushin harshen kyanwa, ya fi sauran jikin haske nesa ba kusa ba. Ƙwarzanen da bai fi tsawon yatsa ba ya zama aikin ƙofa sukutum. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Akwai wata magana da nake jin nauyinta ya fi na launi. Tururin tina da na fenti guba ne, mai sa jiri da ciwon kai, kuma hadna ɗin da ake zubawa a kiliya yana ɗauke da wani sinadari, aisosayanet, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa asma. Sau da yawa za ka ga yaro ɗan koyo a cikin hayaƙin feshi, ya ɗaura hankici a hanci, in an tashi a ba shi gwangwanin madara wai ta wanke masa ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba huhu ba, hankici kuma ƙura yake tarewa, ba tururi ba. Takunkumi mai matatar gawayi da wuri mai iska su ne mafi ƙarancin haƙƙin yaron nan a kan maigidansa. Gwangwanin da ya ƙare ma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin fashewa yake yi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan fage ba, ko da yake ba su ga mota ba. Wanda ya ɓata dukiyar wani, da gangan ko da kuskure, lamuni ya hau kansa, sai in mai dukiya ya yafe, kuma yafewar nan da Alhaji ya yi a bakin titi sadaka ce. Mai sana'ar da aka danƙa wa kaya shi ma yana lamuncewa in ya lalata su. Amma babin da ya fi shafar fenti shi ne na ciniki, inda Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin Zazzau tun kaka da kakanni, ta hana algus da ɓoye aibi, malamai kuma suka ba mai saye zaɓin mayar da kaya in aibin da aka rufe ya bayyana. Rufe ƙwarzane domin kare ƙarfe gyara ne, ba wanda zai ce uffan. Cika ramin babban haɗari da foti mai kaurin yatsa, a fesa launi a kai, a rantse wa mai saye cewa fentin kamfani ne, wannan tadlisi ne, wato ɓoye aibi, tsantsa. Masu saye da suka goge suna da nasu bincike: sukan bi jikin motar da maganaɗisu, wanda yara ke kira mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa a ƙofar ƙarfe akwai foti a ƙasa, sukan kuma ɗaga robar gefen gilashi su nemi inda feshi ya tsallaka.

Ni dai na kai tawa ƙofar wurin wani dattijon mai fenti a wajen Agoro, ya dube ta, ya dube ni, ladabi ya hana shi dariya, yaransa kuwa bai hana su ba. Ya aika da murfin tanki wurin mai haɗi, ya kankare aikina duka, ya fesa launin a kan tabon, ya bar shi ya dushe sannu a hankali cikin tsohon launi har zuwa rabin ƙofar baya, domin ido yana kama gaɓa ne, ba ya kama sauyin da ya zo da kaɗan-kaɗan, sa'an nan ya lulluɓe ƙofofin biyu da kiliya. Da na zo ɗauka da yamma ya ƙi ba ni, ya ce in dawo da hantsi. Washegari ya sa aka turo motar daga inuwa, ya sa na duba daga gaba, na duba daga baya, na tsuguna na duba ta gefe, na daɗe ina neman wurin ban same shi ba, sai da yaronsa ya zo ya ɗora yatsa a kai. Bayan shekara biyu da na tashi sayar da ita, a daidai nan na ɗora wa mai saye nasa yatsan, ya shafa, ya karkata kai, ya rage wani abu a kuɗin, muka yi musafaha ya ja motarsa ya nufi Ɗan Magaji.